Jinin Ɗan Dila

A shekarun mulkin farar hula na biyu aka tura ni aikin malamin dabbobi a ƙasar Shagari. Ni mutumin Bodinga ne, can aka haife ni, can na yi aure, amma aka ce wajen Kajiji ne ake bukatata. Na ɗaure katifa a bayan babur na yi gaba, matata ta biyo ni daga baya da tukwanenta a motar kasuwa. Aikina shi ne allurar shanu, da duba tumaki da awaki, ranar kasuwa kuma in tsaya a mahauta in duba naman da aka yanka. Abin da aka koya mana game da kare a makaranta bai wuce yadda ake gane mahaukaci ba.

Wani dattijo manomin albasa ne ya ba mu masauki a gidansa, a wani ƙauye da ke ɗan nesa da kasuwar. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam, ko da yake ya haifi waɗanda suka girme ni. Gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda shekarun da ya yi yana jan jigo yana ɗebo ruwa daga rijiya, kuma ba ya son a ja shi da magana kafin ya gama ban ruwa. Yana da lambu a bakin fadama, da rudu inda yake jibge albasa ta sha iska, da wata jar karya mai gadin wurin. Karyar ba ta shiga gida. A fadama take kwana, can yake kai mata ƙanzo da ragowar tuwo a wani fasasshen kasko. In wani ya yi masa maganar ajiye kare, sai ya ce malamai sun halatta na gadin shuka, ya ci gaba da abin da yake yi.

Bayan girbin gero na shekarata ta farko, karyar ta ɓace. Baba ya nema har ya haƙura. Sai ga ta ta dawo a rame, jikinta duk ƙarangiya, ta koma gadinta kamar ba ta je ko'ina ba. Da lokacin haihuwarta ya yi, ba ta haihu a ƙarƙashin rudu inda ta saba ba. Wani tsohon suri ta samu a gefen daji, ta faɗaɗa raminsa ta haihu a ciki. Cikin 'ya'yan, namiji guda ne ya rayu.

Ban kula da shi ba sai da ya fara tasawa. Kunnuwansa a tsaye cak, bakinsa siriri, gashin bayansa toka-toka da ratsin baƙi kamar an yafa masa tsumma. Jelarsa buzu-buzu ce, ba ta naɗewa sama irin ta karnukan gari, a ƙasa yake jan ta. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne ba ya haushi. In ya ga baƙo sai ya tsaya ya zuba masa ido, in baƙon ya matso ya ja da baya daidai gwargwadon matsowar. Da almuru, in dilolin daji suka fara kuka daga tsallaken fadama, uwar takan tashi ta yi musu haushi, shi kuwa sai ya ɗaga baki sama ya amsa musu da irin muryarsu. Daga nan aka fara ce masa ɗan dila, kuma sunan ya bi shi.

Baba yana da maƙwabci mai kiwon tumaki, mutumin kirki, wanda dukiyarsa duka tana cikin garken nan. Shi ya fara nuna damuwa. Ya ce ba ya gaba da kowa, amma abin da dila ya haifa wata rana zai tuna da naman ɗan rago, gara a kashe shi tun yana ƙarami. Wasu suka goya masa baya. Wasu suka ce ba a taɓa jin kare da dila sun haɗa iri ba, kwikwiyo ne kawai da ya tashi a rami bai saba da mutane ba. Magana ta yi ta yawo daga bakin masallaci zuwa wajen mai shayi har ta kai zauren hakimi.

Wata safiya aka kira mu. Baba ya zauna a gefe ya naɗe ƙafa, mai tumaki ya faɗi nasa, sannan hakimi ya juyo wajena.

"Malam, kai ad da ilimin dabba. Wanga abu kare na, ko dila na?"

Na duƙar da kai na ce ransa shi daɗe, uwar dai karya ce, kowa ya san ta, uban ne ban sani ba. Aka yi dariya, har da hakimin. Na ƙara da cewa in an ba ni lokaci zan tambayi waɗanda suka fi ni sani. Hakimi ya yanke cewa a bar kwikwiyon a fadama, kada ya shigo gari, ni kuma in je in bincika. Amma ranar da ya taɓa dabbar wani, Baba ne zai kashe shi da hannunsa. Baba ya ce ya ji ya yarda. Da muka kai ƙofar gida, ya ce mini in bincika da kyau, don shi ya riga ya saba da abin.

Wanda na yi niyyar tambaya abokina ne, malamin kimiyya a makarantar sakandare a Bodinga. Daga wajen Gusau aka turo shi, dogo ne siriri, kullum da alli a gefen rigarsa, kuma shi kaɗai ne a cikin abokaina ya yi jami'a. Da na je gida ƙarshen wata na ba shi labari, ya ajiye kofin shayinsa ya sa na sake faɗa masa daga farko. Ya ce kare da dila da kyarkeci dangin juna ne na kusa, ba abin mamaki ba ne su haihu tare. Amma kamanni ba hujja ba ce, domin karnukanmu na ƙauye kowane iri akwai a cikinsu. Hujja tana cikin jini. Kowace dabba, in ji shi, rabin abin da ke jikinta daga uwa ta gada, rabi daga uba, kuma akwai hanyar da ake sa jini ya nuna wannan gadon. Ya kwatanta mini yadda ake dama sitaci a bar shi ya daskare kamar kafaffen koko, a ɗiga jini a gefensa, a sa masa wutar lantarki, sai abubuwan da ke cikin jinin su rarrabu layi-layi. In aka jera na kare da na dila da na kwikwiyon, za a ga ko yana ɗauke da layin da babu shi a wajen kare. Yana da abokin karatu da ke irin wannan aiki a wata jami'a mai nisa, kuma ya tabbata zai so ya gani.

Na koma na yi wa Baba bayani gwargwadon yadda na fahimta. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni ko jinin da za a ɗiba yana da yawa. Na nuna masa kwalbar, ba ta kai ɗan yatsa ba. Ya ce to.

Ɗiban jinin ne ya ba mu wahala. A lokacin ɗan dila ya kusa kai uwarsa tsayi, kuma ban da Baba ba wanda ya taɓa sa masa hannu. Baba ya zauna a ƙasa a inuwar rudu, ya kira shi da wani ɗan fito da yake yi masa, ya cusa kan karen a hammatarsa ya rufe da babbar riga, yana ta yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jika. Na lallaɓo ta baya na kama ƙafar gaba na soka sirinji. Bai motsa ba. Uwar ce ba ta yarda da abin ba, ta zagayo ta cafki ƙafar wandona ta yage shi har gwiwa. Haka na shiga gari da kwalba a hannu da wando a yage, matan da ke dawowa daga rijiya suna rufe baki.

Na sa kwalbar a firjin kananzir da muke ajiye maganin allurar shanu, ina jiran ranar da zan je Bodinga. To a daidai wannan lokaci ne abubuwa suka fara ƙaranci. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, sabulu da madara da sukari suka ɓace daga kantuna, man fetur sai an yi layi, kananzir kuwa ko na fitila sai an sha wuya. Wata safiya na buɗe firji na tarar ya mutu. Maganin shanu na ɗauka a guje na kai wa wani abokin aiki da nasa firjin ke da sauran rai, amma na ji nauyin in ce ya ajiye mini jinin kare. Na kawo kwalbar gida da niyyar in binne ta a jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randar matata. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce ta bi ni ƙauye, ta haƙura da warin maganin dabbobi a tufafina, amma jinin kare ba zai kwana kusa da ruwan da take sha take alwala da shi ba. Ta ɗauko wata tsohuwar tukunya ta cika da yashi ta zuba ruwa, ta kai bayan gida da kanta, ta ce ga firjina nan. Tukunyar ta yi iya ƙoƙarinta. Kafin in samu man zuwa Bodinga jinin ya yi baƙi, da na buɗe ban ƙara marmarin buɗewa ba.

Abokina bai karaya ba. Ya aiko da saƙo ta bakin wani direba cewa akwai malamin makarantarsu da zai yi tafiya zuwa garin da jami'ar take, kuma ya samu mai sayar da ƙanƙara da za ta cika masa filas. Maimakon a kawo jini ya lalace a hanya, a kawo karen da kansa, a ɗiba da safe a Bodinga, matafiyin ya wuce da shi. Na kare kuwa ba sai an wahalar da uwar ba, akwai karnuka a Bodinga.

Na yi zaton Baba zai ƙi. Sai ya ce dama yana da albasar da zai fitar, kuma rabonsa da Bodinga tun kafin a yi wa hanyar kwalta. Muka samu akori-kura mai ɗaukar kaya. Aka sa ɗan dila a wani babban kwando na kaji, aka rufe da buhu aka ɗaure. Fasinjoji suka ce ba za su zauna da kare ba, direba ya ɗora kwandon can saman buhunan albasa, Baba kuma ya ce in dai can karen zai zauna shi ma can zai zauna. Haka muka ratsa Shagari, dattijo a ƙololuwar kaya, hannu ɗaya riƙe da hula ɗaya a kan kwando, ni a ƙasa ina ta ɗaga kai ina duba ko yana nan.

A gidanmu muka sauka. Mahaifiyata ta karɓi Baba hannu biyu-biyu, ta sa aka dama masa fura, amma kwandon ta ce a kai shi gindin wata bishiyar darbejiya a bayan katanga. Can abokina ya same shi. Ya tsuguna nesa kaɗan ya yi ta kallonsa, karen ma yana kallonsa, har lokacin shiga aji ya wuce sai da aka aiko kiransa. Da ya miƙe ya ce mini shi a ransa ya ga dila, amma ransa ba ma'auni ba ne. Washegari muka ɗibi jinin, muka ɗibi na wani karen mahauta, aka sa a filas, matafiyi ya tafi.

Komawa ta gagara a ranar, domin motar tana layin mai. Baba bai damu ba. Ya ce tunda Allah ya kawo shi kusa, yana son ya ziyarci Sifawa, garin nan mai tarihi, ya daɗe yana da wannan niyya. Na ari keke na goya shi. Ya yi sallar azahar a can, ya zauna da tsofaffin garin suka yi ta tambayar juna labarin damina da irin gero, har aka gano cewa wata gwaggonsa a nan ta yi aure. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo kamar ta ranar ba. A hanyar dawowa ya ce mini, yana riƙe da kafaɗata a bayan keke, ashe karen nan ne zai yi sanadin zuwansa.

Da muka koma ƙauye muka tarar da labari. Kwana ɗaya bayan tafiyarmu wani abu ya shiga garken mai tumaki ya ɗauke ɗan rago, aka tsinci saura a bakin daji. Mutane suka ɗauki sanduna suka nufi fadama neman ɗan dila, suka tarar da uwar ita kaɗai. Sai a lokacin wani ya tuna ya ga Baba a saman mota da kwando. Muna sauke kaya mai tumaki ya zo da kansa ya yi wa Baba sannu da hanya, ya tsuguna ya ce:

"Baba, da yana garin nan da na rantse shi na. Da kuwa na sa ka kashe shi a banza."

Baba ya ce Allah ya mayar masa da alheri, ai shi ma da hakan ta faru da bai yi gardama ba, tunda sawu iri ɗaya ne.

Mai tumaki ya ɗana tarko, ba a daɗe ba ya kama ɓarawon. Da hantsi aka kira ni na je na ga dila a kwance a mace, karo na farko da na ga irinsa kusa haka. Ya fi namu ƙanƙanta, ƙafafunsa sun fi siranta, amma kunnuwan da ratsin bayan da jelar kamar an kwafa. Na ɗibi jini daga zuciyarsa tun bai daskare ba, na hau babur da ɗan man da ya rage mini na kai wa abokina a Bodinga a ranar, don ya aika da shi jami'ar. Kafin in tafi, Baba ya sa aka ja gawar zuwa fadama don a binne. Ɗan dila ya zo ya shinshina ta daga kai har jela, ya daɗe a wajen wuya, sannan ya koma inuwarsa ya kwanta. Kowa ya fassara abin yadda ya ga dama.

Muka zauna jiran amsa. Sojoji suka karɓi mulki, aka shiga wani sabon yanayi, aka rage ma'aikata, ni dai Allah ya sa ban shiga ciki ba. Can bayan watanni abokina ya gaya mini abin da ya faru. Jinin ya isa lafiya, duka ukun. Amma sinadaran da ake aikin da su daga waje ake sayo su, kuma an daina sayowa. Abokin nasa na jami'a ya ajiye kwalaben yana jira, sai wutar wurin ta ɗauke ta daɗe ba ta dawo ba, duk abin da ke cikin firjinsa ya lalace, har da aikinsa na shekaru. Abokina ya fi jin zafin asarar mutumin a kan tamu. Ni ma da na ji haka sai na ga namu ƙarami ne.

'Yata ta biyu, wadda a wancan ƙauyen aka haife ta, da ta girma ilimin halittu ta karanta. Ta ce mini yanzu ba a bukatar duk wannan wahala. Da gashi kaɗan ko yawu ana karanta ƙwayoyin gadon dabba, a san ko akwai na daji a cikin kakanninta, kuma da haka ake gane inda kyarkeci ya haɗa iri da karnukan gida a ƙasashen da ke da shi. Ta ce har an gano cewa wani daga cikin abin da muke kira dila a nan ya fi kusa da kyarkeci a kan yadda aka zata a da. Na ce mata gashin da na kakkaɓe daga rigata a shekarun nan ya isa a cika matashi.

A wancan lokaci dai abokina ya ce akwai sauran hanya, wadda ba ta bukatar wuta ko ƙanƙara, sai haƙuri. A jira ɗan dila ya haihu. In jini biyu ne a jikinsa, a wajen 'ya'yansa za su rabu, wannan ya ɗauki kaza wancan ya ɗauki kaza. Ba mu muka shirya ba. Akwai rugar Fulani da ke sauka kusa da fadama da rani, suna da wata farar karya mai dabbare-dabbare, ita ta haifa masa. Mai rugar ne ya zo ya ce in je in ga abin da karyarsa ta haifa, don shi bai gane musu ba.

Na aika wa abokina, ya tara mai ya zo a kan babur ranar da babu makaranta. Muka je mu uku da Baba. Kwiyakwiyan sun fara wasa a lokacin, kuma da gaske kamar ba uwa ɗaya uba ɗaya ba. Akwai mai naɗaɗɗiyar jela da siririn baki. Akwai wata mai jela buzu-buzu amma bakinta ba ya rufuwa don haushi. Akwai fari mai dabbare-dabbare irin uwar, wanda ko an miƙa masa nono sai ya ɓuya a bayan turke. Abokina ya zauna a kan tabarmar da aka shimfiɗa mana yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya yi wa Baba bayanin yadda gado ke rarrabuwa. Baba ya ce ya taɓa barin farar albasa da ja suka yi fure kusa da juna, irin da ya samu ya fito masa kala-kala. Abokina ya ce to shi ne wannan, suka yi ta hirar iri har matar mai rugar ta kawo mana kindirmo.

Da za mu tashi na tambaye shi abin da zan faɗa wa hakimi. Ya ce in faɗi gaskiya. Abin da muka gani ya ƙara masa ƙarfin zato, amma karnukan ƙauye ma in suka haihu 'ya'yansu kan bambanta, don haka ba zai dafa littafi a kai ba. Haka na je na faɗa. Hakimi ya tambaya ko tun da aka yi maganar karen ya taɓa cin dabbar wani. Aka ce a'a. Ya ce to a bar shi da ubansa, ko wane ne.

Shekarar da ta biyo baya ruwa ya yi ƙaranci, gero bai yi ba. Ƙanzon da ake ba karnuka mutane suka koma jiƙa shi suna sha. Karnukan gari suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, wasu suka bi hanya. Jar karyar Baba ta tsufa, a wannan shekarar ta mutu. Ɗan dila kuwa ko a jikinsa. Ina zuwa fadama da la'asar in na taso aiki, in taya Baba jan jigo don kafaɗarsa ta huta, sai in gan shi yana tsalle a cikin ciyawa yana cafke fara, ko yana tsintar magarya a gindin bishiya yana taunawa har da ƙwallon. Gafiya da kurege da ke ɓarna a lambuna shi ya gama da su, ba na Baba kaɗai ba har na maƙwabta. Wani lokaci yakan kamo zomo ya ajiye kusa da rijiya ya koma gefe. Baba ba ya ci tunda ba yankawa aka yi ba, sai ya gasa masa abinsa ya miƙa masa. Albasar wannan ranin ita ta riƙe gidan, mu ma da muke haya a ciki mun ci albarkacinta, domin Baba bai taɓa auna hatsin da ya musanya da albasa ya manta da ɗakinmu ba.

Masu lambu suka fara zuwa ruga neman 'ya'yansa. Mai rugar ya ba da su da murna, ya ce ba su iya bin shanu ba, in an kora garke gabas su sai su yi yamma wajen ramin ɓera. Mai tumaki ma ya karɓi guda, mai yawan haushin nan, ya ɗaure ta a bakin garke.

Ni da ɗan dila ba mu zama abokai yadda ake zama da kare ba. Ina jin bai manta da allurar ba. Amma a hankali ya rage nisan da yake bari tsakaninmu. Wata la'asar na gaji na kishingiɗa a inuwar rudu, iska tana kawo warin albasa da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, Baba yana can yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan. Da na juya sai na ga karen a kwance dab da ƙafata, ya ɗora haɓa a kan hannuwansa, idonsa a lumshe. Ban taɓa shi ba, ban kuma motsa ba har Baba ya kira ni in kama masa guga. Ina yawan tuna wannan yammacin in ana maganar wahalar shekarun nan. An sha wahala, ba na musu, amma ni abin da ya fi zauna mini a rai ke nan.

Daga baya aka mayar da ni Bodinga. Abokina ma aka ɗauke shi zuwa wata makarantar, muka koma gaisuwa ta bakin matafiya. Baba kuwa tun daga waccan tafiya ya mayar da zuwa Bodinga al'ada, duk shekara in ya fitar da albasa sai ya sauka a gidanmu ya kwana, ya kawo wa matata rabin buhu, ita kuma ta yi masa tuwon dawa da miyar kuka mai yawan daddawa yadda yake so. A irin wannan zuwa ne ya gaya mini ɗan dila ya mutu. Ya ce tsufa ne, haƙoransa sun zube, a ƙarshe sai da ya koma dama masa kunu. Da safe ya zo ban ruwa ya same shi a kwance a bakin rijiya, ya haƙa rami a gefen lambu ya rufe shi.

Na yi masa ta'aziyya kamar yadda ake yi wa wanda ya rasa abokin aiki, ya amsa ba tare da jin kunya ba. Muka ci tuwo. Ya ce yana son ya sayi injin ban ruwa ƙarami, 'ya'yansa sun matsa masa ya bar jigo, ko na san wanda ya iya zaɓe. Da gari ya waye na raka shi wajen wani makanike da na yarda da shi, suka daidaita, aka ɗora masa injin a mota. A gaba ya zauna kusa da direba, yana ta waiwaye yana tambaya ko an ɗaure shi da kyau.